Yadda ake rainon tsutsa a gida har ta zama malam-buɗe-littafi

Yawancin tsutsotsin da ke cin ganye a gona ko a lambu 'ya'yan ƙwari ne masu fiffike: ko malam-buɗe-littafi mai yawo da rana, ko ɗan'uwansa faɗa-wuta da ke zagaya fitila da dare. Danginsu babba ne ƙwarai. Masana sun ba wa kusan iri 160,000 suna, kuma a cikinsu malam-buɗe-littafi bai kai iri 20,000 ba, sauran duk faɗa-wuta ne. Nijeriya kaɗai tana da malam-buɗe-littafi sama da iri 1,000, galibinsu a dazuzzukan kudu irin na Kuros Riba. Namu na arewa ba su kai haka yawa ba, amma sun fi sauƙin samu, domin tsirran da suke ci suna nan a bayan gida da bakin hanya.

Mai son sanin wace tsutsa ce ke zama wane ƙwaro, babu abin da ya fi masa ya ɗauke ta ya raina ta ya gani da idonsa. Haka masu binciken farko suka yi. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a Jamus, ta tafi Suriname, a Kudancin Amurka, a 1699 tana tara tsutsotsi tana ciyar da su, tana zana kowace tare da ganyen da take ci. Aikin ba ya cin kuɗi, kuma wata guda ya isa a ga ƙarshensa. Malamin firamare zai iya yinsa a aji, manomi kuma zai ƙaru da shi fiye da yadda yake zato.

A nemi tsiron kafin a nemi tsutsar

Nan ne mafi yawan masu gwadawa suke ɓata aikin. Sai mutum ya tsinci tsutsa a bango, ya jefa ta a gwangwani, ya yayyaga mata kabeji ko zogale, bayan kwana biyu ya tarar ta mutu. Tsutsa ba akuya ba ce. Yawancinsu tsiro ɗaya suke ci, ko 'yan tsirran da ke dangi ɗaya, kuma da yawa sun gwammace yunwa ta kashe su da su taɓa wani ganye. Uwar ce ke yin zaɓin: tana sauka a kan ganye ta ɗanɗana shi da ƙafafunta, sai ta tabbatar na 'ya'yanta ne sannan ta ajiye ƙwai. Saboda haka ganyen da ka tarar da tsutsa tana ci, shi ne abincinta har ta gama.

Ga mai farawa, ina ba da shawarar tumfafiya. Ba ta bushewa ko da rani, babu mai fesa mata magani, kuma a kanta ne malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro, mai baƙin gefe da fararen ɗigo, yake hayayyafa. Masana na kiransa Danaus chrysippus, kuma irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne. Ka riƙa juya ganyen kana duba bayansa. Ƙwan ƙarami ne, fari-fari, mai ɗan tsini, ɗaya-ɗaya ake ajiye shi. Tsutsar kuwa ba ta ɓuya: zane-zanen baƙi da fari da rawaya ne a jikinta, da wasu zaruruwa masu laushi guda shida, biyu-biyu a wuri uku. Ba ta harbi, ba ta sa ƙaiƙayi. Abin tsoro a nan nonon tumfafiyar ne, wanda in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka tsinko ganyen, kada kuma a bar ƙananan yara su tsinko da kansu.

Na biyu shi ne bishiyar lemo, ko na tsami ko na zaƙi. A kan sabon toho za ka ga ƙwai zagayayye, da wata 'yar tsutsa baƙa mai ratsin fari wadda ta yi kama da kashin tsuntsu, kuma da wannan kamar take tsira daga tsuntsaye. Idan ta girma sai ta koma koriya shar. In ka taɓa ta, za ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, launin ruwan lemo, mai wari. Barazana ce kawai. Ita ce ke zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus. Sai dai lemon lambu da na masu sayar da dashe galibi an fesa musu magani, don haka ka tabbatar da bishiyar da za ka riƙa tsinko ganye.

Da damina akwai ƙarin zaɓi. Tafasa da rai-ɗore suna ɗauke da koriyar tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi fari ko rawaya, irin waɗanda ke taruwa a bakin kududdufi suna tsotsar laima. Ganyen dankalin Hausa kuma yana da ƙatuwar tsutsa mai ƙaho ɗaya a wutsiya, wadda ke zama faɗa-wuta mai ƙarfin tashi. Ƙahon ba ya komai. Wadda za ka ƙyale ita ce gizaka da duk wata mai gashi, domin gashin wasunsu yana sa borin jini da ƙaiƙayi mai tsanani.

Kafin ka ɗauka, ka ƙirga ƙafafu. Tsutsar wannan dangi tana da ƙafafu shida masu tsini a gaba, sannan wasu masu taushi a ciki da wutsiya waɗanda ba sa wuce goma. Gwazarmar da ake tonowa a juji ba ta da waɗannan na bayan, ita 'yar buzuzu ce, ba ta cikin lissafinmu. Kada ka fizge tsutsa daga ganye, ka yanko ganyen ko reshen da take kai.

Wurin da za ta zauna

Ka samu roba mai faɗin baki wadda ake ganin cikinta, ko wankakken bokiti ƙarami, tsawonsa ya kai kamar taƙi ɗaya da rabi. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka jingina busasshen tsinke ko ɗan kara guda biyu a ciki. Bakin kuma a rufe shi da tsohon gyale mai shara-shara, a ɗaure tam.

Kada a yi amfani da ƙyallen gidan sauro. Irin wanda ake rabawa a asibiti an jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga kamfani, kuma zai kashe tsutsar cikin ɗan lokaci. Haka ma ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa shi, ba wurin ajiye ta ba ne. A ajiye robar a inuwa mai iska, kamar zaure ko ƙarƙashin rumfa. Hasken rana kai tsaye yana dafa abin da ke cikin roba cikin 'yan mintuna.

Babban abokin gaba a gida shi ne kiyashi. Maganinsa a ɗora robar a kan bulo ko kofi a tsakiyar faranti mai ruwa, yadda babu inda ta taɓa bango. Tsaka da ƙadangare da zanzaro kuwa gyalen ya ishe su.

Ganye yana saurin yaushi a zafinmu. Dabarar ita ce a yanko ɗan reshe a tsoma gindinsa a ƙaramar kwalba mai ruwa, a toshe bakin kwalbar da auduga ko tsumma. Toshewar dole ce: tsutsa takan bi reshe ta gangara cikin ruwan ta nutse. Ba a ba ta ruwan sha, daga ganye take samu.

Hidimar kullum

Kowace safiya ka fitar da takardar da kashin ya taru a kai, ka sa sabuwa, ka ajiye sabon ganye kusa da tsohon, ka bari ta koma da kanta. Kashin da aka bari ya haɗu da laima shi ke kawo fumfuna da cuta, kuma ya fi yunwa kashe tsutsar da ake raino. In ka ga gumi a jikin robar, laima ta yi yawa, ka rage ganye ka goge. Kada ka tara su da yawa, uku ko huɗu sun isa a roba ɗaya, kuma kada a haɗa manya da ƙanana.

Ƙwan da ke kan tumfafiya yana ƙyanƙyashewa cikin kwana uku zuwa biyar, kuma abincin farko na jaririyar shi ne ɓawon ƙwanta. Daga nan sai ci, ba dare ba rana. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka takan yi saɓa sau huɗu kafin ta kai cikar girma. Idan saɓa ta matso, sai ta daina ci, ta saƙa 'yar shimfiɗar zare ta kafa ƙafafunta a kai, ta yi shiru kamar yini guda. Mutane da yawa a nan suke zaton ba ta da lafiya, su kama tsokanarta da tsinke. Ka ƙyale ta. Da wannan zaren take riƙe tsohuwar fata ta zame ta fita, in ka ɗaga ta daga wurin tana iya maƙalewa a ciki ta mutu.

A kwanakin ƙarshe cinta yana ninkuwa sosai, ganyen da ya ishe ta kwana biyu a da yanzu ba ya kai yamma. Ka duba sau biyu a rana. Ta tumfafiya tana gama wannan mataki cikin mako biyu ko ƙasa da haka lokacin zafi. Da hunturu komai yana jinkiri.

Lokacin kwanciya

Wata rana za ka ga ta bar ganye tana ta kewaya robar. Ta ƙoshi ke nan, wurin kwanciya take nema. Abin da za ta yi daga nan ya danganta da irinta, kuma nan ne bambancin dangin yake fitowa fili.

Ta tumfafiya tana hawa sama, ta saƙa ɗan zare a jikin gyale ko tsinke, ta maƙala wutsiya ta rataye kai ƙasa a lanƙwashe. Bayan kamar kwana guda fatar za ta tsage daga wajen kai, ta murɗa jiki ta yar da ita, sai ga wani ƙunshi mai santsi, kore ko ruwan hoda, da ɗigon zinariya. Tsagewar ba ta wuce 'yan mintuna, wanda ya dace ya gani ya more. Ta lemo kuwa a tsaye take kwanciya a jikin tsinke, ta ɗaura zare ɗaya a tsakiyar jikinta ya tallafe ta, kuma ƙunshinta kore ne ko launin busasshen itace. Kada a taɓa ƙunshi a kwana biyun farko, bai yi tauri ba. In ya faɗo daga baya, a ɗaura zaren ɗinki a ɗan tsinin wutsiyarsa a sake rataye shi.

Faɗa-wuta da yawa ba haka suke yi ba. Mai ƙahon nan ta dankali ƙasa take shiga, don haka da zarar ta fara kewaye, ka zuba mata ƙasa mai taushi, marar jiƙa sosai, zurfin santimita 10 ko fiye. Za ta nutse ta gina ɗan ɗaki a ciki. Kada ka tono don ka duba. Wasu kuma gidan zare suke saƙa wa kansu a tsakanin ganye. Daga irin wannan gida ne ake samun siliki, har da namu na gida: zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan da wasu tsutsotsin daji suke taruwa su saƙa tare ake samo shi.

Jiran ma ba ɗaya ba ne. Na tumfafiya mako ɗaya ne zuwa kwana goma, na lemo kusan mako biyu ko fiye. Amma tsutsar kaɗanya, wadda ake ci a Burkina Faso da wasu sassan jihohin Neja da Kwara, sau ɗaya take fitowa a shekara: tana shiga ƙasa da damina, ba ta fitowa sai damina ta sake zagayowa. Don haka in ƙunshi ya daɗe, kada ka yi saurin zubarwa. Wanda ya mutu yakan yi baƙi ya yi wari, ko ya bushe ya zama ba nauyi. Da rani a ɗan yayyafa wa ƙasar ruwa jefi-jefi, ba a jiƙa ta ba.

Ranar fitowa

Alamar tana zuwa tun daren jiya: ƙunshin tumfafiya zai yi duhu, har ka riƙa hango launin fiffike ta cikinsa. Galibi da safe yake fashewa. Abin da zai fito ba zai burge ka ba da farko, ciki ne ƙato da fiffike a cukurkuɗe. Zai rataye, ya riƙa tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken har su miƙe, sannan ya jira su bushe. Wannan ne dalilin tsinken da tsawon robar. In bai samu inda zai rataye fiffiken su sauka sosai ba, a lanƙwashe za su bushe, kuma ba zai taɓa tashi ba. Za ka ga ya zubar da wani ruwa ja ko ruwan ƙasa. Ba jini ba ne, dattin da ya taru ne lokacin kwanciya.

Ka ba shi awa biyu zuwa uku ba tare da taɓawa ba. Garin da ke manne wa yatsa in an kama fiffike ƙananan ɓawo ne da ke jere a kai, su ne launin, kuma ba sa sake tsirowa. In kana son ɗaga shi, ka sa yatsa a gaban ƙafafunsa ya hau.

Yanzu ne lokacin dubawa da kyau. Malam-buɗe-littafi gashin kansa guda biyu siriri ne mai ɗan ƙulli a ƙarshe, kuma yakan haɗe fiffikensa sama in ya sauka. Na faɗa-wuta ba shi da ƙullin, wani siriri ne har ƙarshe, wani kuma mai reshe-reshe, jikinsa ya fi kauri, kuma yakan shimfiɗa fiffike ko ya rufe bayansa da su. Batun rana da dare ba ya cika zama hujja, akwai faɗa-wuta masu yawo da rana tsaka. A na tumfafiya kana iya gane namiji: ɗigo huɗu ne baƙaƙe a tsakiyar fiffikensa na baya, mace uku. Launinsa mai haske gargaɗi ne ga tsuntsaye, domin dafin tumfafiyar da ya ci yana tsutsa yana nan a jikinsa. Har akwai wani iri daban, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta kwaikwayi kamarsa sak alhali ba ta da dafin, tana cin albarkacinsa.

Ka sake shi a ranar, kusa da inda ka ɗauko shi, mai yawon rana da hantsi, faɗa-wuta kuma bayan magariba. In ruwan sama ya hana, ka jiƙa auduga da ruwan sukari, cokali ɗaya na sukari a cokali tara na ruwa, ka ajiye masa, ko ɓarin mangwaro da ya nuna sosai.

In wani abu daban ya fito

Wani lokaci ka yi komai daidai, amma maimakon malam-buɗe-littafi sai ka ga ƙuda a cikin robar, ko ka wayi gari jikin tsutsar ya cika da wasu fararen ƙunshi ƙanana masu kama da ƙwayar shinkafa. Tun a daji wani ƙuda ko ƙaramin rina ya saka mata ƙwai, 'ya'yansa suka cinye ta daga ciki. Shi ya sa ɗauko ƙwai ko ƙaramar tsutsa ya fi ɗauko babba tabbas.

Manomi kada ya kashe waɗannan, ma'aikatansa ne. A Nijar, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar, da jami'ar Maraɗi suna kiwon wani ƙaramin rina, Habrobracon hebetor, ana rataye shi cikin 'yan buhuna a gonaki domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ita ma wannan tsutsa 'yar faɗa-wuta ce, kamar wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, da kuma tsutsar masara da ta shigo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016 ɗin, Nijeriya na cikin ƙasashen farko. Ta masarar tana da alamar Y a kife a goshi da ɗigo huɗu a jere murabba'i kusa da wutsiya. In za ka raina ta, ɗaya-ɗaya za ka ajiye su domin suna cin junansu, ka sa mata ƙasa, kuma in ta fito kada ka sake ta. A ganina kowane mai noman masara ya kamata ya yi wannan ko sau ɗaya, domin wanda ya san kamar uwar da tarin ƙwanta a bayan ganye zai gane ɓarna tun kafin ta shiga zuciyar masara, inda magani ba ya cika kai wa gare ta. Zai kuma daina ɓarnar kuɗin magani a kan tsutsar tafasa da ba ruwanta da amfanin gonarsa.

Ganin sauran dangin da dare

Tun da faɗa-wuta ne suka fi yawa, raino kaɗai ba zai nuna maka su ba. Ka rataya farin zanin gado a igiyar shanya, ka haska shi da fitila mai farin haske, ka kashe sauran fitilun gidan. Daren da babu farin wata, mai ɗumi, bayan an yi ruwa, shi ya fi. Daga isha'i zuwa tsakar dare za ka ga iri-iri, daga wanda bai kai ƙwayar dawa ba zuwa mai faɗin tafin hannu. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna ba son wutar suke yi ba: ɗabi'arsu ce su juya bayansu ga inda haske ya fi yawa, wanda a daji sama ce, sai fitila ta rikita su su yi ta zagaye. Ka sa takalmi saboda kunama, kada kuma ka murje wani ƙwaro a fatarka, akwai masu sa ƙuna a cikin masu zuwa fitila. In ka gama ka kashe fitilar ka kakkaɓe zanin, in ba haka ba tsuntsaye da ƙadangaru za su yi karin kumallo da su.

Duk wanda ka raina ko ka gani, ka ɗauki hotonsa daga sama da kuma ta gefe, ka rubuta ranar da garin da sunan tsiron. Manhajar iNaturalist kyauta ce, in ka ɗora hoton a can masana daga ƙasashe daban-daban za su taimaka da sunansa. Ga wanda ka raina, ka haɗa hotuna huɗu a wuri ɗaya: ganyen, tsutsar, ƙunshin, da abin da ya fito.